Allurar insulin mai dogon aiki: me kuka gani a jikinku?

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Wata guda ke nan da likita ya ɗauke ni daga insulin ɗin Mixtard ya ɗora ni kan Lantus, mai dogon aiki, sau ɗaya da dare. Ruwanta garau, ba kamar waccan mai kama da madara ba, tana ɗan yi mini raɗaɗi, kuma bayan tuwon dare suga na hawa abinsa. Don Allah wanda ya saba da ita ya ba mu labari.

Malamin makaranta, Daura: Wa alaikumus salam. Raɗaɗin nan na sha shi. Ruwan yana da ɗan tsami, da ya shiga ƙarƙashin fata sai ya dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi, suna narkewa kaɗan-kaɗan kusan awa 24, kamar yadda randa ke tsatsafo da ruwa. Shi ya sa ba a haɗa ta da wata insulin a sirinji ɗaya. Kuma Malam, ba a yi ta don tare tuwo ba. Aikinta riƙe sugan da hanta ke saki cikin dare da tsakanin abinci. Awon asuba kafin karyawa ne zai nuna maka aikinta.

Hajiya, Sabuwar Unguwa: 'Ya'yana, ku kula da wurin da kuke yin ta. Shekara biyu ina yi a gefe ɗaya na ciki saboda nan ba ya zafi. Ashe wurin ya yi tudu, in ka taɓa kamar roba. Awon suga yau 120, gobe 280, alhali abincin bai sauya ba. Tudun ne ke riƙe maganin. Ranar da na koma sabon wuri da adadin da na saba, ƙarfe uku na dare na farka zufa sharkaf, hannu na rawa, na'ura ta nuna 55. Jikata ce ta dama mini sikari. Washegari likita ya rage mini adadin.

Manomi, hanyar Mashi: Ni ba ni da jiki. Doguwar allura ta riƙa kai mini har tsoka a cinya, ina kama noma sai jiri. A tsoka jini na kwashe ta da sauri. Mai milimita 4 ta raba ni da wannan.

Ma'aikaciya, Ƙofar Ƙaura: Tawa Tresiba ce, ita ma mai dogon aiki, tana wuce awa 42 a jiki, sai an yi kwana 3 zuwa 4 take daidaita. Damuwata zafin Afrilu da rashin wuta. Lantus da aka buɗe kwana 28 ne ake amfani da ita, a ajiye ta ƙasa da digiri 30. Ta mahaifiyata muna ɗaure ta a leda mu sa cikin tulu kan jiƙaƙƙen yashi.

Mai tambaya: Hajiya, yanzu na shafa cikina, na ji tudun a hagu. Ranar Litinin zan nuna wa likita kafin in sauya wuri.