Me ya kamata mu tanadar wa iyayen da suka gano ɗansu yana shan ƙwaya?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a Islamiyyar matan aure a Kano, kuma a 'yan watannin nan mata biyu sun same ni a keɓe bayan an tashi: ɗaya ta tsinci fankon tiramol a aljihun ɗanta lokacin da za ta yi wanki, ɗayar kuma kwalaben kodin ta gani a ƙarƙashin katifar 'yarta. Muna son shirya abin da za mu riƙa ba iyaye, amma takardun da muka samu illolin ƙwaya kawai suke lissafawa, alhali uwar da ta zo wurina ta riga ta san illar. Abin da ya shige mata duhu shi ne me za ta ce wa yaron idan ya shigo gida a daren. Mene ne ya kamata mu sa a ciki?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma shawarata ita ce ku fara da abin da ke iya ɗaukar rai. Tiramol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kodin kuma yana danne numfashi, don haka a bayyana wa iyaye cewa yaron da ya kasa farkawa ko numfashinsa ya yi ƙasa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya asibiti. A kuma gargaɗe su cewa wanda ya daɗe yana shan roci, wato ƙwayar sa barci, ko makamantanta, yanke masa lokaci guda yana da haɗari, likita ne ke rage masa sannu a hankali. Ku rubuta musu wuraren zuwa, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA ma ba kame kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara.

Baban Khalil:
Allah ya saka da alheri, Malama. Ni abin ya faru a gidana, kuma kuskuren da na yi shi ne na biye wa kunya. Na kai yarona wani gidan mari don kada maƙwabta su sani, bayan wata huɗu na ɗauko shi da tabon sasari a idon sawu, ya daina kallon fuskata idan ina magana, kuma bai yi mako uku ba ya koma ruwa. Duk mun ga azabtarwar da aka bankaɗo a wani gidan mari da ke Rigasa a Kaduna a 2019, amma har yau mutane suna kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare saboda ba su san wani ba. Ku sa wa iyaye maza sashe na musamman, domin mu ne masu saurin duka da kora. A nuna musu su jira har yaron ya dawo hayyacinsa, su zauna da shi ba a gaban ƙannensa ba, su tambaye shi yaushe ya fara da abin da ya kai shi. Nawa ɗan ashe ya fara ne don ya jure aikin dako a kasuwa.

Hajiya Binta:
Ina da gyara kan takarda, Malama. Da yawa daga cikin matan da kike koyarwa sun fi sauraro a kan karatun boko, don haka gajeren saƙon murya da za a tura ta WhatsApp zai fi shiga gidaje, kuma mace za ta saurara a ɗakinta ba wanda ya sani. Kada a manta da 'yan mata: binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuffuka, na 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya ɗaya mace ce, amma ita ake fi ɓoyewa don tsoron kada ta rasa mijin aure.

Malama Rabi:
Na gode ƙwarai. Za mu fara da saƙon murya kan daren farko. Baban Khalil, in ba za ka damu ba, muna so ka saurare shi kafin mu tura wa kowa.