Haɗin PPPoE a FreeBSD yana maƙalewa a matakin tantancewa

Injiniyan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun shekaranjiya. A ƙaramin ofishinmu da ke Kano an ja mana layin intanet na faiba, kuma na yanke shawarar cire ƙaramar na'urar rarraba intanet da kamfanin intanet ɗin ya ba mu, in maye gurbinta da wata tsohuwar kwamfuta da na ɗora wa babbar manhajar gudanar da kwamfuta ta FreeBSD 14, domin in samu ikon tsara katangar tsaro yadda nake so. Akwatin faiban an mayar da shi gada kawai, wato ba shi ne yake buɗe haɗin ba, saboda haka kwamfutar ce za ta yi kiran PPPoE, wato hanyar buɗe haɗi da kamfanin da suna da kalmar sirri, da kanta ta katin sadarwa mai suna em0.

Idan na kunna ppp, manhajar da ke yin wannan kiran, da hannu na ba shi umarnin dial, alamar da ke gaban layin umarni tana sauyawa daga "ppp ON" zuwa "Ppp ON", daga nan kuma sai ta tsaya cak. Ba ya cewa an ƙi ni, ba ya katsewa nan take, kuma tun0, wato mashigar da ppp yake amfani da ita don haɗin, ba ya samun adireshin IP. Sunan shiga da kalmar sirri na duba su fiye da sau goma, kuma da na mayar da na'urar kamfanin sai intanet ya dawo da waɗannan bayanan dai. Ina ya kamata in fara dubawa?

Malam_Sabar ya amsa:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Waɗannan haruffan uku sun riga sun gaya maka abu mai yawa. Harafin farko yana zama babba idan an kammala yarjejeniyar LCP, wadda ke kafa haɗin tsakanin ɓangarorin biyu, na biyu idan an gama tantancewa, na uku kuma idan IPCP, matakin daidaita adireshin IP, ya ba ka adireshi. Tunda ka kai "Ppp", to waya lafiya take, katin lafiya yake, kuma musayar saƙonnin buɗe zaman PPPoE, wato PADI, PADO, PADR da PADS, ta gudana har kamfanin ya ba ka lambar zama. Kada ka ƙara ɓata lokaci a kan waɗannan.

Abin da nake so ka bambance shi ne ƙin amincewa da kuma shiru, domin ba ciwo ɗaya ba ne. Idan kalmar sirri ce ba daidai ba, yawanci amsa takan zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka ga FAILURE a rubuce, a katse ka. Shiru kuwa yana nufin wani ɓangare yana jiran saƙon da ba a aiko ba. A irin yanayinmu abin da na fi cin karo da shi shi ne tsohon zaman da bai mutu ba: idan aka ɗauke wuta, ko ka zare wayar na'urar kamfanin ba tare da ta aika PADT, saƙon rufe zama, ba, sabar kamfanin tana ci gaba da ɗauka cewa kana kan layi, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda suna ɗaya ya buɗe zama biyu. Wasu kuma suna ɗaure asusun da adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, na na'urar da suka ba ka.

Amma kafin mu yi ta kame-kame, ka sa wannan layin a ppp.conf, ka sake gwadawa, ka kawo mana abin da ya fito a /var/log/ppp.log tare da fayil ɗin tsarin gaba ɗaya, bayan ka goge kalmar sirrin:

set log Phase LCP IPCP tun command

Hajiya_Unix ta amsa:

Ina goyon bayan Malam. Ƙari ɗaya kawai: idan akwai alamar # a cikin kalmar sirrin, ka sa kalmar tsakanin alamomin zance, domin ppp yana ɗaukar abin da ya biyo bayan # a matsayin sharhi, sai ya aika guntuwar kalma. Ban zaci ita ce matsalarka ba, tunda wannan ƙin amincewa yake jawowa, amma dubawar ba ta cin minti ɗaya.

Injiniyan_Fagge ya amsa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kashe komai na jira kusan minti ashirin saboda batun tsohon zama, na kuma kwafi adireshin MAC na na'urar kamfanin na ɗora wa em0, amma babu abin da ya sauya. Babu # a kalmar sirrin. Ga fayil ɗin:

ofis:
 set device PPPoE:em0
 set authname (na goge)
 set authkey (na goge)
 set mtu 1492
 set mru 1492
 enable pap
 add default HISADDR

Ga kuma layukan ƙarshe na rajistar, na taƙaita su:

Phase: bundle: Authenticate
Phase: deflink: his = CHAP 0x05, mine = PAP
Phase: Chap Input: CHALLENGE
Phase: Chap Output: RESPONSE
Phase: Chap Input: SUCCESS

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai ke nan. Ga SUCCESS a rubuce ɓaro-ɓaro, amma bayansa babu ko layi ɗaya na IPCP.

Hajiya_Unix ta amsa:

Injiniya, matsalarka tana layi na biyu na rajistar, kuma tushenta yana layin "enable pap" na fayil ɗinka. Ka goge shi.

Bari in yi bayani dalla-dalla, domin wannan kuskuren ya kama mutane da yawa, kuma kalmar ce take yaudara. PAP da CHAP hanyoyi ne biyu na tantance suna da kalmar sirri. A tsarin ppp na FreeBSD kalmomin accept da deny suna magana ne a kan abin da ɗaya ɓangaren ya nema daga gare ka, su kuwa enable da disable suna magana ne a kan abin da kai kake nema daga gare shi. Saboda haka wanda ya rubuta "enable pap" bai ce "zan gabatar da kaina ta hanyar PAP" ba. Abin da ya ce shi ne "ba zan buɗe haɗin ba sai kamfanin ya gabatar mini da nasa suna da kalmar sirri". Wannan umarni na mai karɓar kira ne, wanda yake ajiye sunayen masu shigowa a /etc/ppp/ppp.secret, ba na mai kira ba.

Yanzu ka sake karanta layin. "his = CHAP 0x05" yana nufin kamfanin ya buƙaci ka tantance kanka da CHAP mai amfani da MD5, ka yi, ya amince, shi ya sa ka ga SUCCESS. "mine = PAP" kuma yana nufin kai ma ka ɗora masa sharaɗi. A PAP wanda ake tantancewa shi ne yake fara magana, don haka kwamfutarka ta zauna tana sauraron buƙatar da sabar kamfanin ba za ta taɓa aikowa ba, ita kuma sabar ta gama nata tana jiran ka shiga IPCP. Kowa yana jiran kowa. Na'urar kamfanin ba ta faɗa wannan ramin ba domin ba ta neman komai daga sabar.

Ba ka buƙatar maye gurbin layin da wani abu, domin ppp yana karɓar PAP da CHAP tun asali ba tare da an gaya masa ba. Bayan gyaran ya kamata ka ga "mine = none". Ka kuma mayar wa em0 adireshinsa na asali ka gwada, domin barin katuna biyu da MAC ɗaya a ofis guda neman wata fitinar ne ranar da wani ya sake jona tsohuwar na'urar.

Malam_Sabar ya amsa:

Hajiya ta gano shi, hasashena na tsohon zama bai dace da wannan rajistar ba. Ga masu Linux da za su karanta wannan daga baya, irin wannan tarkon yana nan a pppd, takwaran ppp a Linux, da wasu sunaye: auth, require-pap da require-chap duk suna tilasta wa ɗaya ɓangaren ne ya tantance kansa, maganinsu kuma shi ne noauth a fayil ɗin da ke /etc/ppp/peers. A can saƙon yakan fito fili cewa ɗaya ɓangaren ya ƙi tantance kansa, kuma mutane sukan karanta shi a baibai su ɗauka su aka ƙi.

Injiniyan_Fagge ya amsa:

Alhamdu lillahi, an dace. Na goge layin, rajista ta nuna "mine = none", haruffan uku suka zama manya cikin 'yan daƙiƙoƙi, tun0 ya samu adireshi. Na mayar da MAC na asali kuma haɗin bai ƙi ba, ashe kamfanin bai ɗaure asusun da na'ura ba. Layin na kwafo shi ne daga wani misali na tsarin sabar da ke karɓar kira, ban lura da bambancin ba. Yanzu na sa ppp_enable, ppp_mode="ddial" da ppp_profile="ofis" a /etc/rc.conf, kuma gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan zare wutar kwamfutar da gangan in ga tsawon lokacin da tsohon zaman yake ɗauka kafin sabar ta sake shi, domin wannan shi ne abin da za mu riƙa fuskanta kullum. Hajiya da Malam, na gode ƙwarai.