Muhawara: Binciken sake sarrafa roba, aiki ne ko aikin baban giwa?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan jefa magana, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Mu ɗaliban da muka duƙufa kan sake sarrafa roba, aikin baban giwa muke yi. Binciken Geyer da Jambeck da Law na 2017 ya nuna zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar aka sake sarrafawa. A 2022 OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, ta sake lissafi, kashi 9 ɗin nan dai ta samu. In ba a rage ƙera sabuwa ba, ɗakin gwaji ba zai fisshe mu ba.

Hauwa: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, ka yi gaggawar yanke hukunci. Kashi 9 ɗin nan sakamakon tsohuwar hanya ce, a niƙa a narka, kuma duk narkawa ɗaya sai ingancin robar ya ragu. A 2016 masu bincike a Japan suka ba da labarin wata bakteriya, Ideonella sakaiensis, da suka samo a wajen tara gorunan roba a Sakai, tana cin PET, wato robar da ake yin gorunan ruwa da lemo da ita. A 2020 kuma kamfanin Carbios na Faransa ya nuna wani enzayim (sinadarin halitta mai warware abubuwa) da aka gyara yana warware kashi 90 cikin 100 na PET cikin awa 10, har aka sake yin gora da abin da ya fito. Wannan ne aikin baban giwan?

Bashir: PET fa, ƙanwata, PET kaɗai. Ƙwayoyinta haɗe suke da wani mahaɗi da ake kira esta, enzayim na samun wurin kamawa. Leda da murfin gora da bokiti kuwa polietilin ne da polifirofilin, kabon ne riƙe da kabon tun daga farko har ƙarshe, kuma su ne suka fi yawa.

Malam Idris: Nan Bashir ya yi gaskiya. Su waɗannan, dafa su ake yi da zafi mai tsanani ba tare da iska ba, su koma mai. Wuta suke ci sosai, kuma in man nan ƙona shi aka yi a inji, to robar ba ta dawo roba ba, hayaƙi ta zama. Ni duk ɗalibin da ya ce min ya "ɗaga darajar" leda, tambayata ɗaya ce: giram nawa ka gwada, kuma tsabtatacciya ce ko daga juji ka ɗebo? Yawanci sai ka ga an sunkuyar da kai.

Zainab: Malam, tambayar nan taka ta taɓo inda nake. Duk kun tafi kan sinadarai, kun manta tarawa da tantancewa. A Jamus, saboda kuɗin ajiya da ake mayar wa wanda ya dawo da gora, fiye da kashi 90 cikin 100 na gorunan suna dawowa, a tsabtace, iri ɗaya. Da Chana ta rufe ƙofa ga sharar roba a 2018, ai an ga yadda ƙasashe masu arziki suka rasa inda za su kai tasu. Ga kuma fakitin da aka manne roba kala uku da alminiyam, wa zai raba shi?

Hauwa: Na yarda, Zainab. Har ma in ɗanyen mai ya yi arha, sabuwar roba ce ke kashe wa tamu kasuwa. Amma ko yau aka daina ƙerawa, wadda ke jibge fa? Wani ne zai zo ya warware mana ita?

Bashir: Ai ba a daina ba. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar roba da aka yi a Busan, Koriya ta Kudu, a 2024 watsewa ya yi babu yarjejeniya, kuma batun taƙaita ƙerawar na cikin abin da ya raba kawuna.

Malam Idris: To kai da ke cewa aikin baban giwa ne, babi na uku da ka yi min alkawari tun makon jiya fa?

Bashir: Malam, a yi min afuwa zuwa Alhamis.