Wane suna za mu ba "angel investor" da Hausa?

Masu rubuta labaran fasaha da kasuwanci, ku matso kusa. Kalmar "angel investor", wato mutumin da ke zuba kuɗinsa a sabon kamfani tun bai kankama ba, tana yawan fitowa a labarai, kuma kowa da yadda yake juya ta. Ina so mu tsayar da guda ɗaya. Amma kafin a raɗa wa abu suna sai an ga kamanninsa, don haka bari in fara kawo mutumin da ya yi wannan aiki da hannunsa.

Andy Bechtolsheim haifaffen Jamus ne, a 1955. Karatu ya kai shi Amurka, ya fara da jami'ar Carnegie Mellon sannan ya wuce ta Stanford, inda ya ƙera wata kwamfuta ta aikin injiniyoyi. Da ita aka kafa kamfanin Sun Microsystems a 1982, shi da Vinod Khosla da Scott McNealy da Bill Joy. A 1995 ya bar Sun ya kafa kamfanin Granite Systems, shekara na zagayowa kamfanin Cisco ya saye shi kan dala miliyan 220. To, kun ji inda kuɗinsa suka fito.

A watan Agustan 1998 wasu ɗalibai biyu na Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka nuna masa manhajarsu ta bincike a intanet, a ƙofar gidan wani malamin jami'ar mai suna David Cheriton. Bai daɗe yana kallo ba ya rubuta cakin dala 100,000 da sunan "Google Inc." Alhali a ranar babu wani kamfani mai wannan suna a doron ƙasa, balle asusun banki. Dole suka ajiye cakin, sai da aka yi wa kamfanin rajista ranar 4 ga Satumba kafin suka iya kai shi banki.

Wannan shi ne mutumin da muke nema wa suna. Daga aljihunsa ya ciro kuɗin, ba na wasu ya tattaro ba. Ya bayar tun abin bai kankama ba. Kuma ba rance ya bayar ba, hannun jari ya saya: in kamfani ya tashi a ci da shi, in ya mutu kuɗinsa sun bi ruwa, babu wanda zai kai ƙara gaban alƙali.

Na ga wasu suna rubuta "mala'ikan jari", tunda "angel" mala'ika ke nan da Turanci. Wannan ni kam ban yarda da ita ba ko kaɗan. A kunnen Bahaushe mala'ika ba abin aro ba ne da za a liƙa wa ɗan kasuwa, kuma mala'ika ba ya jiran riba. Su Turawan ma daga gidajen wasan kwaikwayo na Broadway da ke birnin New York suka ɗauko kalmar, inda ake kiran attajiran da ke ɗaukar nauyin shirya wasa da wannan suna. Tarihinsu ne, ba mu da dalilin ɗauko shi da kayansa. Shi kansa Bechtolsheim a 2024 ya biya tarar kusan dala miliyan ɗaya ga hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, don sasanta zargin cinikin hannun jari da bayanan sirri, ba tare da ya amsa laifi ko ya musanta ba. Ɗan Adam ne mai neman na kansa.

"Mai tallafi" ma ba ta yi ba, domin duk wanda ya ji tallafi kyauta ce ke zuwa masa a rai, kuma matashin da ya karɓi kuɗi da wannan fahimta rigima ce ke jiransa ranar rabon riba.

"Ubangida" ta fi su ƙarfi, shi ya sa na daɗe a kanta. A kasuwanninmu ubangida ne ke ba yaro jari, ya nuna masa hanya, ya haɗa shi da mutane, kuma masu irin wannan jarin suna yin duk waɗannan. Sai dai ubangida shi ke da shago, yaro kuwa a ƙarƙashinsa yake har ranar da za a sallame shi. Page da Brin ba yaran Bechtolsheim ba ne. Kamfaninsu ne, shi ɗan kaso kawai ya saya ya koma gefe.

Wani ɗan'uwa ya kawo "jarin binne", daga binnen da manomi ke yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Wallahi ma'anar ta zauna daram, cakin da aka rubuta wa kamfanin da ba a kafa ba ai binne ne. Damuwata ita ce ɗan birnin da bai taɓa riƙe sungumi ba, yana ganin "binne" kabari zai tuna, ko ya ɗauka an ce an binne kuɗi ne. A hira zan yi amfani da ita, amma ba a kanun labari ba. "Jarin fari" kuma a rubuce tana iya zama farin launi ko farin rashin ruwa.

Abin da na tsaya a kai shi ne "mai jarin farko", jam'i "masu jarin farko". Ku gwada ta: "Bechtolsheim na cikin masu jarin farko na Google." Ba sai an tsaya yi wa kowa bayani ba. Na san ba ta faɗi cewa kuɗin daga aljihunsa suke ba, amma wannan zai fito idan muka ware wa ɗaya ɓangaren nasa sunan. Irin su Sequoia da Kleiner Perkins, da suka zuba wa Google dala miliyan 25 a 1999, kuɗin wasu suke tarawa su juya, su sai mu ce musu "kamfanonin jarin kasada".

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyonku? In kuna da wadda ta riga ta kama bakin mutane, ku kawo ta mu auna da wannan.