Kamfanin intanet ya turo mini gargaɗi kan gem ɗin da ɗana ya sauke ta torent, ina mafita?

Maman Hanif

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kwamfuta da masana doka ku ba ni haske. A Amurka muke zaune. Kamfanin da ke ba mu intanet ya turo mini imel cewa an yi amfani da layinmu an raba wani gem ta BitTorrent ba da izinin masu shi ba. Sun sa sunan gem ɗin, da rana, da lokaci, da wasu dogayen lambobi, suka ce idan abin ya maimaitu za su iya yanke mana layi. Na tsare ɗana mai shekara 16, ya amsa shi ya sauke, amma ya rantse tun makon jiya ya gama, alhali ranar da ke cikin imel ɗin shekaranjiya ce. Layin kuwa da sunana yake. Ta yaya suka gane? Kotu za a kai ni? In ba su amsa ko in yi shiru? Shi yaron cewa yake a sayi VPN, wai manhajar da ke ɓoye lambar layin mutum, kawai magana ta mutu.

Injiniya Sagir

Wa alaikumus salam Hajiya. Mai yiwuwa yaron gaskiya ya faɗa miki, sai dai bai san yadda torent ke aiki ba. A torent babu wata babbar kwamfuta guda da kowa ke sauke kaya daga gare ta. Ana yayyanka gem ɗin gunduwa-gunduwa, duk wanda ya samu gunduwa ɗaya nan take manhajarsa za ta fara miƙa wa wasu. Wato mai saukewa shi ma mai rabawa ne tun daga mintin farko. Bayan ya cika ɗari bisa ɗari kuma manhajar ba ta tsayawa, rabawa take ci gaba da yi muddin tana kunne. Shi ya sa kika ga ranar shekaranjiya.

Batun yadda suka gane, ba kamfanin intanet ɗinku ne ya zauna yana leƙen abin da kuke yi ba. Kafin kwamfutoci su yi musayar gunduwoyin nan dole kowace ta san lambar IP ɗin 'yar uwarta, wato adireshinta a intanet, don haka duk wanda ya shiga torent ɗin yana ganin lambobin sauran a fili. Masu gem ɗin, ko ƙungiyarsu ta ESA da ke wakiltar manyan kamfanonin gem a Amurka, sukan ɗauki hayar kamfanonin sa ido. Su kuma sai su shiga torent ɗin kamar kowa, su rubuta lambar IP, da lambar ƙofar da manhajar ke amfani da ita, da lokaci har zuwa daƙiƙa, da doguwar lambar nan mai haruffa 40 da ke zama shaidar wannan torent ɗin shi kaɗai. Daga lambar IP ana gane wane kamfani ne ya mallake ta, sai a aika masa takarda. Kamfanin ya duba rajistarsa ya ga wa ke riƙe da lambar a wannan lokacin, ya turo miki.

Ki lura da lokacin da suka rubuta, galibi agogon UTC ne, wato agogon duniya na GMT. Idan kuna gabashin Amurka ki rage awa 5 a lokacin sanyi, awa 4 a lokacin zafi, kafin ki ce ai babu kowa a gida a lokacin.

Barista Hadiza

'Yar uwa, wannan imel ɗin ba sammaci ba ne, kuma a wannan mataki masu gem ɗin ba su san sunanki ba. Lambar IP kawai suke da ita. Kamfanin intanet ba ya miƙa sunan mai layi sai kotu ta ba da umarni, kuma tun hukuncin 2003 a shari'ar ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA da kamfanin intanet na Verizon hanyar da ta rage musu ita ce su shigar da ƙara a kan wanda ba a san sunansa ba, sannan su roƙi alƙali ya ba su izinin tambaya.

Dalilin da ya sa kamfanin ya matsa miki shi ne kare kansa yake yi. Dokar haƙƙin mallaka ta DMCA ta 1998, sashe na 512, ta ba kamfanonin intanet kariya daga laifin abokan cinikinsu, da sharaɗin su kasance da tsarin yanke layin wanda ke maimaita laifi, kuma su riƙa aiki da shi. Dokar ba ta faɗi sau nawa ba. An taɓa yin wani tsari na gargaɗi shida tsakanin 2013 da 2017 wanda Comcast da AT&T da Verizon da wasu suka shiga, amma ya mutu, yanzu kowane kamfani da nasa ƙa'idar. Abin da ya ƙara tsorata su shi ne shari'ar kamfanin intanet na Cox, inda a 2019 aka yanke masa biyan kamfanonin waƙa dala biliyan 1 kan zargin kawar da kai daga masu maimaitawa. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan adadi a 2024, amma hukuncin farkon ya sa kamfanoni sun ƙara ɗaukar irin takardun nan da muhimmanci. Ki shiga shafin kamfaninku ki karanta ƙa'idarsu ta haƙƙin mallaka, a nan za ki ga matakan: imel, sai tare shafi har ki danna kin gani, sai dakatarwa ta 'yan kwanaki, sai yankewa.

Game da amsa, kada ki rubuta wa masu gem ɗin ko wakilinsu komai, ko ban haƙuri ne. Da zarar kin aika, kin ba su sunanki da adireshinki, kuma kin amsa laifi da hannunki. Idan kamfaninku ya nemi ki danna cewa kin ga saƙon, ki danna, wannan bai zama amsa laifi ba. Idan kin kira su a waya, ki tsaya a kan cewa kin ga saƙon kuma kin ɗauki mataki a kan layinki. Babu buƙatar labarin wa ya yi.

Abin da zai sa ki nemi lauya a ranar shi ne takardar da ke cewa kotu ta umarci kamfanin ya bayyana sunanki, mai ɗauke da lambar shari'a da wa'adi. A nan lissafi ya canza, domin diyyar da doka ta tanada tana farawa daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki guda, tana iya kaiwa 150,000 idan aka tabbatar da ganganci, kuma suna da shekara 3 su shigar da ƙara. A aikace dai kamfanonin gem sun fi bin masu shafukan rabawa da masu fasa kariya, kamar yadda Nintendo ya samu hukuncin sama da dala miliyan 2 a kan shafin RomUniverse a 2021. Masu yawan kai ɗaiɗaikun mutane kotu a Amurka 'yan fim ne.

Abu Nasir

Maman Hanif, yau ɗin nan ki zauna da yaron a gaban kwamfutar ku yi waɗannan, tunda takardar kotu ba ta zo ba.

Ku buɗe manhajar, ko qBittorrent ce ko uTorrent ko wata. Duk layin da aka rubuta Seeding a gabansa rabawa yake yi yanzu haka. Ku cire torent ɗin gaba ɗaya tare da fayilolinsa, dakatarwa kawai ba ta isa ba, don dannawa ɗaya ke tayar da shi. Danna X a saman taga ma sau da yawa ba ya kashe manhajar, ɓuya take yi a gefen agogo tana ci gaba da aiki, kuma nan ne yawancin yara ke ruɗuwa. Bayan haka ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, ku shiga sashen Startup ku hana ta tashi da kanta idan an kunna kwamfuta. Mafi sauƙi ku cire ta daga kwamfutar dungurungum.

Sai rauta, wato na'urar da ke ba ku Wi-Fi. Ku shiga ta burauza, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, adireshin da kalmar sirrin suna jikin takardar da ke manne a ƙasanta. Ku duba jerin na'urorin da ke haɗe, ko akwai wadda ba ku sani ba. Ku canza kalmar sirrin Wi-Fi, ku sa tsaro a kan WPA2 ko WPA3, ku kashe WPS. A sashen UPnP za ku iya ganin wace na'ura ce ta buɗe ƙofar da lambarta ke cikin imel ɗin, wannan zai nuna muku ko kwamfutarsa ce kaɗai ko da wata. Ku duba waya da akwatin talabijin ma, akwai manhajojin kallon fim kyauta da torent ne a ƙarƙashinsu, mai kallo bai san yana rabawa ba.

Imel ɗin kuwa ki ajiye shi, kada ki goge.

Barista Hadiza

Ƙari a kan maganar Abu Nasir: gogewa daidai ce yanzu, don dakatar da ɓarna ce. Amma duk wanda takardar kotu ta riga ta iso masa, ya cire kwamfutar daga intanet ya bar ta yadda take. Goge abu bayan an san da shari'a ɓata hujja ne, kuma yakan fi asalin laifin tsada.

Malam Auwal

Masu karatu daga wasu ƙasashe kada su ɗauki shawarar yin shiru su yi aiki da ita a ko'ina. A Jamus, misali, mai haƙƙi yana samun umarnin kotu cikin sauƙi a ba shi suna da adireshin mai layi, don haka abin da ke zuwa wasiƙar lauya ce ta gidan waya, da kuɗin da ake nema, da takardar alkawarin ba za a sake ba, da gajeren wa'adi. Kamfanonin gem ma suna yi. A 2011 CD Projekt ya sa an aika wa waɗanda ake zargi da raba The Witcher 2 wasiƙun neman sama da Yuro 900 kowanne, sai a farkon 2012 ya janye saboda surutun 'yan wasa. Wanda ya samu irin wannan kada ya yi shiru, kada kuma ya sa hannu a takardar yadda aka turo ta, domin tana ɗaure mutum da tara mai nauyi idan aka sake. Lauya ne zai gyara ta. Kotun ƙolin tarayyar Jamus ta yanke a 2012 cewa iyayen da suka yi wa yaronsu bayani suka hana shi ba su da alhaki kai tsaye, sannan a 2017 ta ce idan sun san wanne ne cikin 'ya'yansu ya yi suka ƙi faɗa, su za su biya.

Kanada kuma da sauƙi. Tun 2015 kamfanin intanet miƙa saƙon kawai yake yi, an hana sa neman kuɗi a cikinsa tun 2018, kuma diyyar wanda ba don kasuwanci ya yi ba ba ta wuce dalar Kanada 5,000 gaba ɗaya. Faransa tana da hukumar gwamnati, Arcom, wadda a 2022 ta gaji tsohuwar hukumar Hadopi da tsarinta na gargaɗi mataki-mataki kafin tarar da za ta iya kaiwa Yuro 1,500.

Injiniya Sagir

Maganar VPN ɗin yaron, ba ta goge abin da aka riga aka rubuta a kan layinku, kuma ba ta halatta komai. Lambar da ake gani kawai take sauyawa, kuma ranar da ta katse na ɗan lokaci alhali manhajar na aiki, lambarku ta asali za ta fito, wannan kuwa ya isa a rubuta wata takarda. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne gem ɗin kansa. Fasasshen gem yana neman izinin mai kula da kwamfuta kafin ya girku, kuma umarnin da ke tare da shi yakan ce a kashe manhajar kariya. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata cuta mai suna Crackonosh da aka ɓoye cikin irin waɗannan gem, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 tana haƙar kuɗin kirifto na Monero da su. Wasu kuma kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza suke kwashewa. Idan kina shiga banki ko imel a wannan kwamfutar, a yi mata cikakken bincike da Microsoft Defender, nau'in da ke sake kunna kwamfuta ya duba kafin Windows ya tashi, sannan ki canza kalmomin sirrinki daga wata na'ura daban.

Ummu Zainab

Ki nuna masa hanyar halas ma, in ba haka ba komawa zai yi. Epic Games Store na ba da gem kyauta duk Alhamis, kuma ya zama naka har abada. Steam na mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga awa 2 ba, ga kuma ragi mai yawa a tsakiyar shekara da ƙarshenta.

Maman Hanif

Allah ya saka muku da alheri. Mun duba, gem ɗin na nan yana rabawa har da wasu guda biyu, mun cire duka da manhajar. Amma da safen nan wani imel ya sake shigowa kan gem ɗin dai. Wannan ya zama gargaɗi na biyu kenan?

Barista Hadiza

Amin 'yar uwa. Ki duba lokacin da aka ce an kama, ba lokacin da imel ɗin ya iso ba, takardun nan sukan yi jinkirin kwanaki. Idan kafin ku cire ne, ki kira kamfanin ta lambar da ke kan takardar biyan kuɗinki, ba wadda ke cikin imel ba, don 'yan damfara ma suna kwaikwayon irin saƙon nan. Ki ba su lambobin takardun biyu, ki tambaya gargaɗi nawa ke rubuce a kan layinki, ko suna haɗa na abu guda a matsayin ɗaya, da kuma bayan wata nawa suke share shi. Ki rubuta ranar kiran da lambar da za su ba ki. Ki sa ran wasu takardun na iya zuwa kan sauran gem biyun nan. Idan kuma lokacin bayan kun cire ne, to akwai wata na'urar da ke rabawa a gidan ko wani na kan Wi-Fi ɗinku, sai ku koma kan jerin na'urorin da ke cikin rautar ku bi su ɗaya bayan ɗaya.