Kwana huɗu kacal aka dawo mini da maƙalata

Mai neman digiri na uku:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Wata bakwai na yi ina rubuta maƙala a kan salon maimaici a waƙoƙin baka. Na tura wa wata mujallar adabi ranar Litinin, kafin Juma'a ta dawo. Editan ko uffan bai ce a kan hujjojina ba. Layi biyu kawai: sunana ya bayyana a cikin rubutun, kuma manazartata ba ta bi tsarinsu ba. Jikina ya yi sanyi wallahi. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamar adabi:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka gode Allah da bai ɓata maka wata shida ba. Ni ma maganar suna ce ta kayar da ni. Yawancin mujallun nan ba sa bari mai tantancewa ya san marubuci, shi ma marubuci ba ya sanin mai tantancewa. Na cire sunana daga shafin farko, na ɗauka shi ke nan. Ashe a shafi na tara na rubuta "kamar yadda na nuna a kundina", na kuma kawo kundin da sunana ɓaro-ɓaro a manazarta. Wani abin da ban taɓa sani ba sai a lokacin: Word yana ajiye sunan mai kwamfuta a cikin bayanan fayil, har a jikin gyare-gyaren da aka bibiya. Ka share waɗannan, ka cire shafin godiya, sai an karɓi aikin ka mayar da shi.

Ɗalibin digiri na biyu:
Tawa ta manazarta ce. A sashenmu tsarin kawo madogara na APA muka saba, wato sunan marubuci da shekara. Mujallar kuwa tsarin MLA take so, suna da lambar shafi, babu waƙafi a tsakani. Na samo wani tsohon littafin jagoran MLA na bi shi sau da ƙafa, ina ta rubuta "Print", wato bugagge, a ƙarshen bayanin kowane littafi a manazarta. Ashe tun bugu na 8 a 2016 aka daina wannan, bugu na 9 ma ya fito a 2021. Dare biyu na yi ina gyaran madogara 41 ɗaya bayan ɗaya.

Wani malami:
Ni abin kunya ne, amma bari in faɗa ko wani zai tsira. Ƙarin girma ya matso, sai na tura maƙala guda ga mujallu biyu lokaci ɗaya, alhali dukansu sun rubuta ƙarara cewa ba su yarda da haka ba. Na ce ai wa zai sani. Masana fannin nan ba su da yawa, sai ga shi editocin biyu sun aika wa mutum ɗaya ya duba. Wasiƙar da ta zo mini har yau ban iya sake karanta ta ba. Na yi biyu babu.

Tsohuwar mai tantancewa:
Malam, Allah ya kiyaye gaba. Bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. Masu tantancewa galibi kyauta suke aikin, edita kuma da ƙyar yake samun mutum biyu su amsa. Ba zai ɓata musu lokaci da rubutun da bai bi ƙa'ida ba, shi ya sa yake tacewa tun a teburinsa. Kowace mujalla da nata sharaɗin. Mujallar PMLA ta Amurka, alal misali, sai ɗan MLA, ƙungiyar masana harshe da adabi, take karɓar maƙalarsa, tsawonta tsakanin kalmomi 2,500 zuwa 9,000. Ku duba ko ƙidayar kalmomin ta haɗa da bayanan ƙasan shafi, nan ne mutane ke zarcewa ba su sani ba. Tsakure kuma, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, ya faɗi abin da aka gano, ba abin da "za a duba" ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne baitoci. Idan mujallar da Turanci take fita, a kawo baitin a harshensa, a sa fassara a ƙasa, a faɗi wanda ya fassara. Na taɓa duba wata maƙala da marubucin ya yi amfani da wani tsohon salon haruffa, duk masu ƙugiya suka koma akwatuna. Wanda ya tsara shafin ya cike da nasa, "baƙi" ya zama "baki", sharhin ɗangon gaba ɗaya ya tashi daga ma'ana. Ku yi amfani da haruffan Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya da ya haɗa da masu ƙugiya, in sun yarda ku haɗa da PDF don a gwada.

Mai neman digiri na uku:
Na gode ƙwarai, Malama. Yanzu na buɗe fayil ɗin, na ga sunana wuri uku, har da saman kowane shafi. Editan ya ce in na gyara zan iya sake turawa. Tambaya ɗaya ta rage: mawaƙiyar da na ɗauki muryarta tana raye, baitocinta goma sha biyu ne a ciki. Takardar izininta zan haɗa tun yanzu, ko sai sun nema?