Akiyoloji: ina neman sunan da zan gaya wa Inna

Jama'a, ku taya ni. Ina digiri na biyu a fannin da ake kira akiyoloji, wato binciken rayuwar mutanen dā ta abubuwan da suka bari, ɓangaren Girka da Roma ta dā. Duk ranar da Inna ta tambaye ni, "Wai me kake karantawa ne?" sai baki ya mutu.

Ga aikin nawa, don ku auna kalmar da shi. A birnin Roma akwai wani tudu, Monte Testaccio, tsayinsa kusan mita 35. Ba dutse ba ne, juji ne: tsingaron tulunan man zaitun da aka jibge tsakanin ƙarni na 1 zuwa na 3 miladiyya, galibi daga kudancin Sifaniya, bakin kogin Guadalquivir. Tulu ɗaya kan ci kimanin kilo 70 na mai. Mai ya riga ya jiƙa yumɓun, ba a sake amfani da shi, sai a fasa. A jikinsu akwai hatimi da rubutun nauyi da sunan ɗan kasuwa, waɗanda Bajamushe Heinrich Dressel ya fara karantawa a ƙarni na 19. Da su nake bin sawun fataucin.

"Ilimin tono kayan tarihi" da ake ji a rediyo bai gamsar da ni ba. Ya mayar da mu masu haƙa kawai, alhali ni kusan duk lokacina a kan tebur nake, ina auna bakin tulu. Kuma da an ce "kayan tarihi", hankali kan gidan ajiya yake tafiya.

Wani malamina na Hausa ya kawo "nazarin kufai". Na yi jim, don juji ba kufai ba ne. Ya ce, "Ɗana, akwai kufan da ba shi da juji?" Na karɓa. Kufai na ɗauke da mutanen da suka tashi, kuma su muke nema.

Saura rabin sunan. Ban so "Rum", domin kunnen Bahaushe zai tafi kan Rumawan zamanin Hirƙal, waɗanda suka zo daga baya. Na tsaya a kan "nazarin kufan Girka da Roma".

Abin da ya rage shi ne tulun kansa, amfora. Ina nufin irin wannan ƙaton, mai mariƙi biyu a wuya. "Tulu mai kunne biyu" nake cewa. Masu ginin tukwane, ko kuna da sunan da ya fi?